Liliuokalani, Sarauniyar Da Ta Ba Amurka Ajiyar Ƙasarta

A wannan mako za mu yi tafiya mai nisa, har tsakiyar Tekun Fasifik, mu ji labarin wata mace wadda ta yi sarautar ƙasarta shekara 2 kacal, sa'an nan ta shafe shekara 24 tana bin wata babbar ƙasa bashin gaskiya. Sunanta Liliuokalani. Sunan yana da tsawo, amma in kun yanka shi gaɓa-gaɓa ba wuya: Li-li-u-o-ka-la-ni. Mu dai za mu riƙa ce mata Liliu, wanda shi ne sunanta tun na yarinta.

Ƙasar tata ita ce Hawai, wadansu tsibirai da ke nesa da gaɓar Amurka da kamar mil 2,400. Yau Hawai tana cikin jihohi 50 na Amurka, har mutum ya zaci tun fil azal haka take. To, ba haka ba ne. Ƙasa ce mai sarkinta da tutarta da majalisarta, kuma Liliu ce ta ƙarshe da ta zauna bisa gadon sarautarta.

ƘASA MAI SARKINTA

Wani sarki mai suna Kamehameha shi ya haɗa tsibiran duka ƙarƙashin mulki ɗaya cikin 1810. A 1843 Ingila da Faransa suka sa hannu cewa sun yarda Hawai ƙasa ce mai mulkin kanta, Amurka ma ta ƙulla yarjejeniyar zumunci da ita a 1849, ta kuma ajiye jakada a Honolulu, babban birnin ƙasar.

Amma zuwan baƙi ya zo wa mutanen Hawai da hasara iri biyu. Ta farko cuta. Tun daga 1778 da Kyaftin Cook ya sauka can, jiragen ruwa suka yi ta kawo ƙyanda da agana da sauran cututtukan da jikinsu bai saba da su ba. Mutanen da a da ake ƙirga su da ɗaruruwan dubbai, kafin 1890 sun ragu sun koma kamar 40,000. Ta biyu kuwa ƙasar noma. 'Yan mishan daga Amurka sun iso a 1820, suka buɗe makarantu, suka rubuta harshen ƙasar da baƙaƙen boko. Da aka yi dokar da ta ba baƙi damar sayen fili a 1850, sai wadansu daga cikin 'ya'yansu da jikokinsu, tare da sauran Turawa 'yan kasuwa, suka mallaki manyan gonakin rake, suna yin sukari suna kai wa Amurka. An ce baƙo raɓa ne, amma waɗannan baƙi sun zo ne da niyyar zama.

ƘURUCIYA DA AURE

An haifi Liliu a Honolulu ran 2 ga Satumba, 1838, a gidan sarauta. Ana haihuwarta aka miƙa ta riƙo ga wani basarake mai suna Paki da matarsa Konia, domin a al'adarsu ba da ɗa riƙo hanya ce ta ƙarfafa zumunci tsakanin manyan gidaje, kamar dai yadda muka sani. Tana da shekara 4 aka sa ta makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna, inda ta ƙware a Turanci da karatu da rubutu da kiɗa. Allah ya ba ta baiwar tsara waƙa, har ta bar waƙoƙi fiye da 150 a rayuwarta.

A 1862 ta auri John Dominis, ɗan wani matuƙin jirgin ruwa da ya zo daga Amurka. Zaman bai yi daɗi sosai ba. Ta tare a gidan uwar mijin, wadda ba ta yi murna da ɗanta ya auro 'yar ƙasa ba, kuma Liliu ba ta sami haihuwa ba. Ta ɗauki yara 3 riƙo. Ɗaya daga cikinsu ɗan mijinta ne da ya haifa a waje da wata mai yi musu hidima. Ta ɗauki nauyin yaron, daga baya ta mai da shi ɗanta a gaban doka, ta ba shi sunan ubansa. Duk macen da ta san zafin irin wannan abu ta san girman zuciyar da ya nema.

Wanta Kalakaua ya hau sarauta a 1874, a 1877 kuma ya naɗa ta mai jiran gado. Sa'ad da ya fita zagayen duniya a 1881 ita ya bar wa riƙon ƙasa. Ana cikin haka agana ta ɓarke. Nan da nan ta ba da umurni a rufe tashoshin jiragen ruwa, a hana zirga-zirga tsakanin tsibiran, a keɓe waɗanda suka kamu. 'Yan kasuwa ba su ji daɗi ba, amma cutar ba ta bazu ko'ina ba. A 1886 ta kafa bankin ajiya na mata a Honolulu, da wata ƙungiya mai biya wa 'yan mata marasa hali kuɗin makaranta.

TSARIN MULKIN BANATI

A 1887, tana London wajen bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 50 a kan gado, sai labari ya iske ta cewa Turawa masu gonakin rake sun tara mutane da bindigogi sun tilasta wa wanta ya sa hannu a wani sabon tsarin mulki. Har yau ana kiransa tsarin mulkin banati, watau wuƙar nan ta bakin bindiga. Ya ƙwace yawancin ikon sarki. Ya ce ba mai zaɓen 'yan majalisar manya sai mai dukiyar dala 3,000 ko mai samun dala 600 a shekara, abin da ya fid da yawancin 'yan ƙasa. Ya kuma ba Bature baƙo damar jefa ƙuri'a ko da bai zama ɗan ƙasa ba. A wannan shekara ce kuma aka ba Amurka izinin amfani da mashigin ruwan nan na Pearl Harbor.

Kalakaua ya rasu a Janairun 1891, Liliu ta yi rantsuwar kama mulki ran 29 ga watan. Bayan wata 7 mijinta ma ya rasu. Ta hau gado ne a mugun lokaci, domin a 1890 Amurka ta sake dokar harajinta, sukarin Hawai ya rasa gatan da yake da shi a kasuwarta, manoman cikin Amurka kuwa ana ba su tallafi. Masu rake suka lissafa suka ga hanyar da ribarsu za ta dawo ita ce Hawai ta shige cikin Amurka. Su kuwa 'yan ƙasa suka yi ta aiko wa sarauniyarsu takardun koke, suna roƙo a sake tsarin mulki a mayar musu da ƙuri'arsu.

KWANA HUƊU CIKIN JANAIRU

Ran 14 ga Janairu, 1893, ta kira ministocinta ta nuna musu sabon tsarin mulkin da ta shirya. Suka ji tsoro suka ƙi sa hannu, ita kuma ta haƙura ta ɗage maganar. Amma abokan gaba sun sami dalilin da suke jira. Mutum 13, da wani lauya jikan 'yan mishan mai suna Lorrin Thurston a gabansu, suka kafa kwamiti suka je wurin jakadan Amurka, John Stevens, suka ce rayukan Amurkawa na cikin haɗari. Garin kuwa lafiya lau yake. Ran 16 ga wata jakadan ya sa aka sauko da soja 162 daga jirgin yaƙin Amurka mai suna Boston, aka girke su kusa da fada da gidan gwamnati. Kashegari kwamitin ya yi shelar cewa sarauta ta ƙare, an kafa gwamnatin wucin gadi ƙarƙashin wani alƙali, Sanford Dole. Kafin rana ta faɗi jakadan ya amince da su.

Liliu tana da 'yan sanda da dogarai masu makamai waɗanda ke shirye su yi faɗa. Ta hana. Ta san harbi ɗaya ya isa a ce Hawai ta taɓa sojan Amurka, mutanenta kuwa sun riga sun ragu ƙwarai. Sai ta rubuta takarda. A ciki ta bayyana cewa ba ta miƙa wuya ga waɗannan mutum 13 ba. Ta janye ne saboda ƙarfin Amurka, don kada a zub da jini, kuma na ɗan lokaci ne, har gwamnatin Amurka ta ji yadda aka yi, ta warware abin da jakadanta ya ƙulla, ta mai da ita kan gadonta.

Kada ku ɗauka wauta ce. Tana da abin da ta dogara da shi. A 1843, tana ƙaramar yarinya, wani hafsan jirgin yaƙin Ingila ya taɓa ƙwace Hawai da ƙarfi. Sarkin lokacin bai yi faɗa ba, ya kai ƙara, bayan wata 5 wani babban hafsan Ingila ya zo ya mayar masa da ƙasarsa. Liliu ta yi zaton Amurka ma za ta yi haka. Watau dai ajiya ta ba ta, tana jiran ran da za a mayar.

AN AMSA LAIFI, BA A MAYAR BA

Da fari kamar abin zai yi kyau. Sabon shugaban Amurka, Grover Cleveland, ya hau mulki a Maris 1893, ya janye yarjejeniyar haɗe Hawai da wanda ya gada ya riga ya kai majalisa, ya aika da wani mutum, James Blount, ya binciko gaskiya. Blount ya dawo da rahoton cewa ba don taimakon jakadan da sojan Amurka ba da juyin bai yiwu ba, kuma yawancin 'yan ƙasa suna bayan sarauniyarsu. Ran 18 ga Disamba, 1893, Cleveland ya gaya wa majalisa a fili cewa an yi wa ƙaramar ƙasa mai zumunci da su aikin yaƙi ba da izinin majalisa ba, kuma mutuncin Amurka ya wajabta a gyara.

Ya nemi Liliu ta yi alkawarin yafe wa waɗanda suka tuɓe ta. Da farko ta ƙi, ta ce doka ce za ta yi aikinta a kansu, daga baya ta yarda. Da aka je wa Dole da maganar ya sauka, sai ya ce Amurka ba ta da ikon tsoma baki cikin harkar Hawai. Ku ji fa, mutumin da sojan Amurka suka ɗora! Cleveland bai yarda ya yi amfani da ƙarfi ba, ya tura wa majalisa maganar. Can kuma wani kwamitin Majalisar Dattawa ya fid da nasa rahoto a 1894 ya wanke jakadan. Ran 4 ga Yuli na wannan shekara Dole da mutanensa suka ce Hawai ta zama jamhuriya, shi ne shugaba.

ƊAKI GUDA A SAMAN BENE

A Janairun 1895 wadansu magoya bayanta, ƙarƙashin Robert Wilcox, suka ɗauki makamai. Cikin 'yan kwanaki aka murƙushe su. Aka tono makamai a lambun gidanta, aka kama ta. An nuna mata cewa in ba ta sa hannu ta bar sarauta har abada ba za a kashe mutanenta da ke tsare, don haka ta sa hannu ran 24 ga Janairu. Duk da haka kotun soja ta yi mata shari'a a cikin zauren da a da take zaman fada, aka yanke mata ɗaurin shekara 5 da aiki mai tsanani da tarar dala 5,000. Daga baya aka mai da hukuncin tsarewa a ɗaki guda a saman benen fadarta.

Ta yi kusan wata 8 a ɗakin nan, da mace ɗaya mai taya ta zama. An hana ta jarida, amma masu kawo mata furanni daga lambunta sukan naɗe su da takardar jarida, ta haka take jin abin da duniya ke ciki. Ba ta zauna tana kuka ba. Ta tsara waƙoƙi, ta yi aikin juya wata tsohuwar waƙar asalin sarakunansu zuwa Turanci don kada ta ɓace, ta kuma harhaɗa ƙyallaye ta ɗinka babban mayafin gado, ta yi masa surfani da ranar haihuwarta, da ranar hawanta, da ranar da aka tuɓe ta. Mayafin yana nan a fadar, wadda yanzu gidan tarihi ce. Sai a ƙarshen 1896 aka sake ta sarai. A wannan shekara kuma sabuwar gwamnati ta yi doka cewa da Turanci za a riƙa koyarwa a makarantu, harshen ƙasar ya soma ja da baya.

MATA SUN FITA DA TAKARDA

Tana samun 'yanci ta kama hanyar Amurka. A Yunin 1897 gwamnatin sabon shugaba, William McKinley, ta sa hannu a wata yarjejeniyar haɗe Hawai. Kashegari ta kai takardar ƙin yarda ofishin harkokin waje a Washington. Ta kuma rubuta littafin tarihin rayuwarta da na ƙasarta da Turanci, ya fito a 1898, domin talakan Amurka ya ji daga bakinta.

A gida kuwa ƙungiyar 'yan kishin ƙasa mai suna Hui Aloha Aina, reshen maza da reshen mata, ta shiga aiki. Mata irin su Abigail Campbell da Emma Nawahi suka bi jirgin ruwa tsibiri-tsibiri, suna tara mutane suna karɓar sa hannu. Suka tara suna 21,269, fiye da rabin 'yan ƙasar duka, maza da mata, tsofaffi da yara. Aka kai takardun Washington. Yarjejeniya ba ta wucewa a Majalisar Dattawa sai da ƙuri'ar kashi 2 cikin 3, kuma ba a samu ba. Takarda da alƙalami sun yi nasara a wannan karo.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. A Afrilun 1898 yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Sifen, Amurka ta ga tana bukatar Hawai don jiragenta masu zuwa Filifin su riƙa yada zango. Sai aka bar hanyar yarjejeniya, aka kawo ƙuduri na majalisun biyu, wanda rinjaye kaɗan ya ishe shi. McKinley ya sa hannu ran 7 ga Yuli. Ran 12 ga Agusta aka sauke tutar Hawai a fada aka ɗaga ta Amurka. Liliu ta rufe gidanta ta zauna ciki da danginta, yawancin 'yan ƙasa ma ba su halarta ba. Filin da ya koma hannun Amurka, na gwamnati da gandun sarauta, ya kai eka miliyan 1.8, ba a biya ko anini ba.

RIƘON DA BA MURYA

To, wane matsayi aka ba Hawai? Dokar 1900 ta mai da ita yankin mallakar Amurka. Mutanenta sun zama 'yan Amurka a takarda, amma shugaban ƙasa ne ke naɗa musu gwamna daga Washington, kuma gwamnan farko shi ne Dole ɗin nan dai. Ba su zaɓen shugaban ƙasa. Wakili ɗaya suke aikawa majalisa, yana iya magana amma ba ya jefa ƙuri'a. Wanda suka fara zaɓa kuwa Wilcox ne, wanda ya ɗauki makami dominta.

Liliu ba ta daina bin hakkinta ba. Ta yi ta zuwa Washington kan maganar gandun sarauta, ta kai gwamnatin Amurka kotu, a 1910 aka ce ba ta da gaskiya, wai gandun na kujera ne, kujerar kuwa babu ita. A 1911 gwamnatin yankin ta yanka mata fansho na dala 1,250 a wata. Abin da ya rage mata na gadon gidansu kuwa, tun 1909 ta rubuta shi wasiyya domin marayu, daga baya ta ƙara da yara marasa galihu, musamman 'yan asalin Hawai. Matar da ba ta haifa ba, har yanzu dukiyarta tana ciyar da 'ya'yan mutanenta. Ta rasu a gidanta ran 11 ga Nuwamba, 1917, tana da shekara 79.

BAYAN RANTA

Hawai ta ɗanɗani abin da ke cikin zama ƙarƙashin riƙon wani. Da Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941, an sa tsibiran ƙarƙashin mulkin soja kusan shekara 3. A 1946 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Hawai cikin jerin yankunan da ba su mulkin kansu, waɗanda dokar majalisar ta ce amana ce a wuyan mai riƙonsu ya kula da jin daɗin mutanensu, ya kuma kai su ga mulkin kai. A 1959 aka yi ƙuri'a, fiye da kashi 90 cikin 100 suka zaɓi zama jiha. Sai dai abu biyu kaɗai aka ajiye musu, ko jiha ko ci gaba da zama yanki. Ba a sa komawa ƙasa mai 'yanci ba, kuma a lokacin 'yan asalin ƙasar sun zama 'yan tsiraru cikin masu zaɓe. Ran 21 ga Agusta, 1959, Hawai ta zama jiha ta 50. Puerto Rico da Guam, waɗanda Amurka ta karɓa daga Sifen a wannan yaƙi na 1898, har yanzu suna matsayin yanki, mazaunansu ba su jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa.

A 1978 aka mai da harshen Hawai harshen hukuma tare da Turanci. A 1993, shekara 100 cif bayan juyin, majalisar Amurka ta zartar da ƙudurin neman gafara, Shugaba Clinton ya sa hannu ran 23 ga Nuwamba. Ƙudurin ya amsa cewa da hannun jakada da sojan Amurka aka tuɓe Liliu, kuma 'yan asalin Hawai ba su taɓa sallama hakkinsu na mulkin kai da bakinsu ba. Amma bai mayar da ko taƙi ɗaya na ƙasa ba, a 2009 kuma Kotun Ƙoli ta ce neman gafarar bai taɓa ikon jihar a kan filayen ba. Su kansu 'yan asalin ƙasar ra'ayinsu ya rabu. Wadansu na son 'yanci ɗungum, wadansu na son gwamnatinsu ta kansu a cikin Amurka, wadansu sun gamsu da zama jiha.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙasar da ta ci moriyar tashar jirgi da gonar rake ta wadansu mutane, ta ɗauki nauyin lafiyarsu da harshensu da filinsu, da kuma tambayarsu da gaske yadda suke so a mulke su. Amurka ta amsa laifi sau biyu, a 1893 da 1993, kuma duk lokacin da aka ta da maganar, takardun da Liliu ta rubuta da sunayen da matan nan suka tara su ne shaidar da ake buɗewa. Ku 'yan makaranta ku lura, da karatun da ta yi tun tana shekara 4 ta tsare hakkin mutanenta a rubuce, har jikokin jikoki suka same shi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.